SharePoint da Purview wajen adana takardun kamfani: abin da suke iyawa, da abin da sai sassa sun zauna da kansu

Kamfanin da ke biyan kuɗin Microsoft 365, wato tarin manhajojin ofis na Microsoft, ya riga ya mallaki kayan adana takardu, ko ya sani ko bai sani ba. SharePoint ne rumbun da fayiloli ke zama. Purview, sunan da Microsoft ta raɗa wa kayanta na bin doka da kula da bayanai a 2022, shi ne ke yanke tsawon lokacin da za a riƙe kowace takarda da ranar da za a goge ta. Wannan sharhi ya duba su ne ta fuska guda: shin suna taimaka wa sashen kuɗi, sashen ma'aikata, sashen shari'a, sashen hulɗa da jama'a da 'yan kwamfuta su yi magana da murya ɗaya kan abin da za a ajiye?

A wajen riƙe takarda, kayan suna da ƙarfi ƙwarai. A wajen haɗa kan sassa kuwa, abin da suke bayarwa kaɗan ne, kuma mafi kyawunsa yana bayan lasisi mai tsada. Manhajar za ta zartar da duk abin da aka shigar mata ba tare da ta tambayi ko akanta ya san da shi ba.

Inda takardun suke a zahiri

Rigimar farko tsakanin sassa takan taso ne daga rashin sanin inda abu yake kwance. Ma'aikaci yana ganin Teams, manhajar hira da taro ta Microsoft, a matsayin wuri ɗaya, alhali a ƙarƙashi wurare uku ne. Fayil ɗin da aka saka a tashar wata tawaga yana cikin shafin SharePoint na tawagar. Fayil ɗin da aka tura wa mutum a hirar sirri yana cikin OneDrive na wanda ya tura, wato ma'ajiyar fayilolinsa ta kansa. Kwafin saƙonnin hira da ake riƙewa don bincike yana cikin wata ɓoyayyar folda a akwatin imel na Exchange, manhajar imel ta Microsoft. Bidiyon taron da aka naɗa kuma, in taron tasha ne ya tafi SharePoint, in taron yau da kullum ne ya tafi OneDrive.

Purview yana kallon kowannensu daban. Ƙa'idar riƙon da aka ɗora wa saƙonnin Teams ba ta taɓa fayilolin da aka liƙa a cikin saƙonnin. Sai lauyan kamfani ya ce a riƙe hirar Teams shekara bakwai, ɗan kwamfuta ya saita daidai yadda aka faɗa, kowa ya koma ofishinsa da kwanciyar hankali. Bayan shekara biyu a buɗe hirar, a tarar da saƙon da ke cewa ga kwangilar nan, amma kwangilar ta tafi tare da OneDrive ɗin ma'aikacin da ya bar aiki. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Lauya ya faɗi sunan manhaja, ɗan kwamfuta ya saita wuri guda daga cikin uku.

Bidiyon taro yana da nasa tarkon. In ba a canza saitin asali ba, naɗin yana ƙarewa bayan kwana 120, ya faɗa kwandon shara. Sakataren kamfani da ke dogaro da naɗin taron hukumar daraktoci don rubuta rahoton zama ya kamata ya san wannan tun ranar farko. In an ɗora ƙa'idar riƙo a wurin, riƙon ne ke rinjaye, amma sai an ɗora.

Ƙa'idar riƙo da tambarin riƙo

Kayan aiki biyu ne a nan, kuma rikita su ne ke jawo yawancin ɓarna. Ƙa'idar riƙo tana hawa kan wuri gaba ɗaya: dukan shafin sashen kuɗi, ko dukan akwatunan imel. Ma'aikaci ba ya ganinta, ba ya zaɓenta. Tana ƙirga lokaci ne daga ranar da aka ƙirƙiri fayil ko ranar da aka yi masa gyaran ƙarshe, ba ta da zaɓi na uku. Tambarin riƙo kuma ana manna shi ne a jikin takarda ɗaya ɗaya, ana ganinsa, kuma yana iya fara ƙirga daga ranar da aka manna shi ko daga faruwar wani abu, kamar ƙarewar kwangila ko barin aikin ma'aikaci. Takarda ɗaya ba ta ɗaukar tambari biyu a lokaci guda, amma ƙa'idoji da yawa za su iya hawa kanta.

To idan ƙa'idoji suka ci karo fa? A nan ne Microsoft ta yi aiki mai kyau, domin dokar a fayyace take. Riƙewa tana gaba da gogewa. In biyu sun ce a riƙe, mai tsawon lokaci ce ke nasara. In maganar gogewa ce, tambarin da ke jikin takarda ya fi ƙa'idar da ta hau kan wuri ƙarfi, kuma ƙa'idar da aka nufi wani wuri da ita ta fi wadda ta game kowa. In har yanzu an yi kunnen doki, mai gajeren lokacin gogewa ce ke aiki.

Ma'anar wannan ga zaman sassa ita ce, sashen da ya fi kowa tsoron gogewa shi ke mulkin kowa a ɓoye. A ce sashen ma'aikata ya yi alkawarin goge takardun masu neman aikin da ba a ɗauka ba bayan shekara ɗaya, ya manna tambarinsa. Amma tun shekarun baya wani ya ɗora ƙa'idar riƙe komai shekara goma a kan dukan shafukan kamfanin. Takardun za su ɓace daga idon ma'aikata, amma suna nan a riƙe har shekara goma. Manhajar ba za ta aika wa sashen ma'aikata saƙo cewa alkawarinsa bai cika ba. Akwai wurin da admin, wato mai kula da tsarin, zai shigar da adireshin shafi ya ga ƙa'idojin da ke kansa, sai dai shugaban sashe ba ya shiga can. Ga kamfanin da ke Najeriya wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da Dokar Kare Bayanan Sirri ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu.

Jadawalin da ya kamata ya riga saiti

Kafin a taɓa Purview, a zauna a fitar da jadawali guda. Wannan ne ainihin aikin haɗa sassan, kuma ba manhaja ce za ta yi shi ba. Kowane layi ya ɗauki nau'in takarda, sashen da ya mallake ta, sunan muƙamin wanda zai amsa tambaya a kanta, wurin da asalin kwafin zai zauna, tsawon riƙo, ranar da ƙirga ke farawa, dalilin doka, da abin da za a yi idan lokaci ya cika. A rubuta muƙami, kada a rubuta sunan mutum, don mutane suna tafiya.

Dalilin doka shi ne ginshiƙin da ke kashe gardama. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta ce a adana littattafan lissafin kuɗi shekara shida daga ranar da aka yi su. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ɗora wa bankuna da sauran waɗanda ta shafa riƙe bayanan abokan hulɗa da na hada-hada aƙalla shekara biyar. Idan shugaban sashe ya ce shi har abada yake so a ajiye masa komai, sai a nemi ya cike wannan gurbi. In bai da abin rubutawa, sai a koma maganar buƙatar aiki, wadda ba kasafai take wuce 'yan shekaru ba.

Purview yana da wurin da ya dace da wannan jadawali. A ɓangaren kula da rikodi, wato takardun da ake adanawa a matsayin shaida, akwai tsarin fayil inda kowane tambari ke ɗaukar sashe, rukuni, nau'in hukuma da sashen dokar da aka dogara da shi, kuma ana iya shigar da jadawalin gaba ɗaya daga fayil ɗin CSV, wato tebur irin wanda Excel ke buɗewa, a kuma fitar da shi don a kai wa masu binciken kuɗi. Abu ne mai kyau, yana nuna waɗanda suka gina shi sun san aikin rajista. Illarsa ɗaya: ba shi da wurin sa hannu. Ba ya nuna cewa shugaban sashen kuɗi ya amince da shekara shida, ko yaushe ya amince. Dole a ajiye takardar amincewa daban, kuma wuri mafi sauƙi shi ne jeri a cikin SharePoint, da matakin amincewa ta Power Automate, manhajar Microsoft mai tafiyar da matakan aiki ta atomatik, don duk canjin da aka nema ya bar sawu: wa ya nema, wa ya yarda, wa ya saita.

Game da yawan tambura, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kamfanin da ya fitar da tambura tamanin ya tura wa kowa su duka, zai tarar ma'aikata sun daina zaɓa, ko suna danna na saman jeri. A tura wa kowane sashe nasa kaɗai, biyar ko shida, da suna irin wanda mutanen sashen ke kiran takardar da shi. Abin da ya fi haka ma, a sa wa kowace ma'ajiya tambarin asali, yadda duk fayil ɗin da ya shiga ma'ajiyar rasiɗai zai ɗauki tambarin rasiɗi da kansa. Amma a lura: fayil ɗin da aka kwashe daga wata ma'ajiya zuwa wata yana tafiya da tsohon tambarinsa, ba ya ɗaukar na sabon gida. Kwangilar da ta fara rayuwa a ma'ajiyar daftari ta sashen saye-saye, mai tambarin gogewa bayan shekara biyu, in aka mayar da ita ma'ajiyar sashen shari'a bayan sa hannu, tana nan da wa'adinta na shekara biyu. Duk inda takarda ke tsallakawa daga sashe zuwa sashe, a rubuta wanda zai sauya tambarin.

Kada a yi gaggawar cewa saiti bai yi aiki ba. Tambarin da aka wallafa kan bayyana a SharePoint cikin kwana ɗaya, amma Microsoft da kanta ta ce a ba shi har kwana bakwai. Don haka kada a sa ranar horar da ma'aikata washegarin wallafawa.

Ranar da ma'aikaci ya tafi

A nan ne aka fi asarar takardu, kuma a nan ne sassa uku ke buƙatar juna. Sashen ma'aikata ne ya san ranar tafiya. 'Yan kwamfuta ne ke rufe asusu, kuma sukan yi sauri don a ba sabon ma'aikaci lasisin. Shugaban sashe ne kaɗai ya san wace folda ce mai daraja.

Idan aka goge asusun ma'aikaci, OneDrive ɗinsa yana zama kwana 30 a saitin asali, ana iya tsawaita shi har kwana 3,650. Manhajar tana ba manajan mutumin damar shiga, ta aika masa saƙo, amma fa sai in an cike gurbin manaja a bayanan asusun. A kamfanoni da yawa gurbin nan fanko ne, ko yana ɗauke da wanda aka canza wa wurin aiki tuni. Saƙon sai ya tafi inda ba a karantawa, ko ya ƙi tafiya ko'ina. Akwai saitin mai mallaka na biyu da ke karɓar OneDrive idan babu manaja. A sa akwatin da mai kula da rikodi ke dubawa. Bayan kwana 30 ɗin akwai sauran kwana 93 da admin zai iya dawo da shi, daga nan sai labari. Tun 2025 kuma, OneDrive ɗin da aka cire wa lasisi aka bari haka nan ana kulle shi a ma'ajiyar Microsoft bayan kwana 93, buɗe shi sai da kuɗi. Tsohuwar dabarar cire lasisi a bar fayiloli suna zaune kyauta ta ƙare.

Akwatin imel ma haka. Ana iya mayar da shi akwatin da ba ya aiki, wanda ke riƙe saƙonni ba tare da biyan lasisi ba, amma sharaɗin shi ne a ɗora masa riƙo kafin a goge asusun. In an goge tukuna, akwai kwana 30 na dawo da asusun a gyara kuskuren.

Maganin duka wannan takarda ce mai layi huɗu da ke zagayawa kafin ranar ƙarshe: sashen ma'aikata ya sanar, shugaban sashe ya tabbatar an kwashe fayilolin aiki zuwa shafin sashe, sashen shari'a ya faɗi ko akwai ƙara ko bincike da ya shafi mutumin, sannan 'yan kwamfuta su rufe. Microsoft ba ta kawo wannan a shirye ba. Sai an gina.

Bitar gogewa: mafi kyawun abin da ke ciki

Wuri ɗaya da Purview ke sa sassa su yi magana da juna da gaske shi ne bitar da ake yi kafin gogewa. Maimakon takarda ta ɓace da kanta idan wa'adi ya cika, sai a aika wa masu bita imel. Ana iya jera matakai har biyar, kowane mataki da masu bita har goma. Misali mai ma'ana shi ne matakai uku: sashen da ya mallaki takarda, sai sashen shari'a, sai mai kula da rikodi. Kowane mai bita zai iya amincewa a goge, ya ƙara wa'adi, ya sauya tambari, ko ya jawo wani ya duba tare da shi. Sai mataki na ƙarshe ya amince ake gogewa, cikin kwana 15, kuma shaidar gogewar tana zama har shekara bakwai. Ga kamfanin da masu bincike ke tambaya wa ya ba da izinin lalata wannan fayil, wannan shaida kaɗai ta isa dalilin sayen lasisin mai tsada.

Abubuwan da ke hana shi tafiya ƙanana ne masu ban haushi. Mai bita yana buƙatar matsayin kula da gogewa, kuma ko babban admin ba shi da wannan matsayi sai an ba shi. Don ya ga abin da ke cikin takardar, ba sunanta kawai ba, sai an ƙara masa wani izinin daban. In an manta na biyun, za a samu lauya yana amincewa da goge fayilolin da sunansu kawai yake gani. Haka kuma a sa rukunin tsaro mai adireshin imel a matsayin mai bita maimakon mutum ɗaya, don kada tafiyar mutum guda ta tsayar da layi. Rukunin Microsoft 365 na yau da kullum ba ya karɓuwa a wannan gurbi.

Babbar matsalar dai yawa ce. In aka sa bita a kan tambarin rasiɗai, ranar da wa'adin rasiɗan shekara guda ya cika akanta zai tarar da dubban abubuwa suna jiransa, sai ya zaɓe su duka ya danna amincewa. A keɓe bita ga abin da ya cancanci ido: kwangiloli, fayilolin ma'aikata, takardun filaye da kadarori, takardun hukumar daraktoci. Sauran su tafi da kansu. Akwai zaɓin amincewa ta atomatik idan mai bita ya yi shiru na wasu kwanaki. Yana hana cunkoso, amma yana mayar da shirun wanda ya tafi hutu ya zama izini, don haka bai dace da matakin sashen shari'a ba.

Wannan bita, da manna tambari ta atomatik bisa abin da ke cikin takarda, da riƙon da ke farawa daga faruwar wani abu, duk suna matakin lasisi mai tsada da ake kira E5 ko ƙarin kunshin da ke tafiya da shi. Mai lasisin E3 ko Business Premium, waɗanda ke ƙasa da E5 a farashi, yana da ƙa'idojin riƙo da tamburan da ake mannawa da hannu. Wannan rabo shi ne babban abin zargi a kan samfurin: ɓangaren da ke haɗa sassa shi aka ɗora a saman farashi. Ƙaramin kamfani zai iya kwaikwayonsa da hannu, ta hanyar tambarin da ke riƙewa kawai ba ya gogewa, sannan sau ɗaya a shekara a fitar da jerin abin da wa'adinsa ya wuce a kai wa shugabannin sassa su sa hannu. Yana aiki, sai dai yana hannun mutum ɗaya mai himma.

Rumbun ɓoye da kuɗin wuri

Da zarar an ɗora riƙo a kan shafi, SharePoint yana buɗe wata ɓoyayyar ma'ajiya mai suna Preservation Hold Library. Duk fayil ɗin da aka goge, ko aka fara gyarawa bayan ɗora ƙa'idar, kwafinsa na shiga can. Ma'aikata ba sa ganinta, amma tana cin wuri daga rabon kamfani. Rabon kuwa terabait ɗaya ne, da ƙarin gigabait 10 kan kowane lasisi. Kamfani mai ma'aikata 200 yana da kusan terabait uku ke nan. Sashen hulɗa da jama'a mai bidiyo da hotunan taro zai iya cinye rabin wannan shi kaɗai, kuma idan 'yan kwamfuta suka roƙe su su share, sharewar ba ta rage komai, domin abin da aka goge ya koma rumbun ɓoye ne kawai. Ga kuma sigogin fayil, wato kwafin da ake ajiyewa idan an yi gyara: ma'ajiya kan ajiye har siga 500 na takarda ɗaya a tsohon saiti, kowace siga tana da nauyinta.

Shi ya sa sashen kuɗi ke da kujera a teburin tun farko, ba don rasiɗansa kawai ba. Ƙarin wuri a SharePoint dala 0.20 ne kan kowane gigabait a wata. Microsoft 365 Archive, wanda ya fito a 2024, yana kwantar da shafin da aka daina amfani da shi a kan dala 0.05, kuma ba a cajin komai sai jimillar ajiyar ta zarce rabon kamfani. Shafin da aka kwantar yana riƙe izininsa da tamburansa, bincike na shari'a yana isa gare shi, amma ma'aikata ba sa iya buɗe fayil sai an tashe shi, abin da kan iya ɗaukar har awa 24. Ya dace da shafukan ayyukan da aka kammala. Bai dace da fayilolin da akanta ke leƙawa duk ƙarshen wata ba. A tambayi mai shafin kafin a kwantar.

A nan ma kalma ɗaya kan rikita mutane. Maɓallin adana tawaga da ke cikin Teams, wanda shi ma Archive ake kiransa, ba wannan ba ne. Shi yana daskarar da hirar ne kawai, kuma fayilolin SharePoint suna nan ana iya gyara su sai in an danna akwatin da ke mayar da su na karantawa kaɗai. Ba ya rage kuɗin wuri, ba ya hana gogewa. Idan shugaban sashe ya ce a adana masa tawagar aikin da aka gama, a tambaye shi wanne yake nufi cikin ukun: a hana gyara, a hana gogewa, ko a rage kuɗi.

Kurakuran da ba su da gyara

Biyu ne suka fi haɗari. Na farko, kulle ƙa'ida. Ƙa'idar da aka kulle ba mai iya kashe ta, ko rage wa'adinta, ko cire wuri daga cikinta, har da babban admin. An yi ta ne don kamfanonin da hukuma ta tilasta wa hakan. Tambarin rikodin hukuma ma haka yake, in ya hau takarda ba ya sauka, shi ya sa ba ya ma bayyana a jerin zaɓi sai an kunna shi ta PowerShell, wurin da admin ke rubuta umarni. Kada a taɓa ɗayansu sai da rubutaccen umarnin sashen shari'a.

Na biyu ya fi ɓuya. Ƙa'idar da aka nufi wasu shafuka da ita, waɗanda ba sa wuce 100 a ƙa'ida ɗaya, idan aka cire shafi na ƙarshe daga jerinta, takan koma ta hau kan dukan shafukan kamfani. In ƙa'idar gogewa ce bayan shekara ɗaya, to an saki gogewa a kan kowa. Idan an gama da ƙa'ida, a kashe wurin gaba ɗaya ko a goge ƙa'idar, kada a bar jerinta fanko.

Kwashe tsofaffin fayiloli daga sabar ofis ma yana da nasa. Fayil ɗin da aka ja aka jefa ta burauza yana ɗaukar ranar lodawa a matsayin ranar ƙirƙira, sai rasiɗin 2016 ya fara ƙirga shekara shida daga yau. Kayan ƙaura na Microsoft suna riƙe asalin ranakun, a yi amfani da su. A kuma taƙaita zurfin foldoji, tun da adireshin fayil ba ya wuce harafi 400.

Kwandon shara, a nasa ɓangaren, matakai biyu gare shi, kuma kwana 93 ne jimilla tsakanin mataki na farko da na biyu, ba 93 kowanne ba. Wanda ya haɗa ma'ajiyar sashe da laftop ɗinsa, ya goge folda don ya samu wuri, ya goge wa kowa ne. Akwai damar mayar da ma'ajiya yadda take a kowace rana cikin kwana 30 da suka wuce. Riƙo ba madadin ajiyar kwafi ba ne: yana hana ɓacewa, amma dawo da foldoji dubu daga rumbun ɓoye zuwa mazauninsu aikin hannu ne mai wahala.

Abin da ba ya gani

Shafin intanet na kamfani, da abin da aka wallafa a Facebook ko X, da umarnin da manaja ya bayar ta WhatsApp, duk suna waje. Akwai hanyoyin haɗi na wasu kamfanoni da ke shigo da irin waɗannan, da ƙarin kuɗi. Ga yawancin ofisoshi, mafi sauƙi shi ne doka guda: duk shawarar da ta shafi kuɗi ko kwangila, in an yanke ta a WhatsApp, a maimaita ta a imel a ranar. Sashen hulɗa da jama'a kuma ya riƙa ajiye kwafin sanarwa da tallace-tallace a ma'ajiyarsa ranar da aka fitar da su. Takardun da za su zauna har abada, irin su takardar rajistar kamfani da rahoton zaman daraktoci, a ajiye su a tsarin PDF/A, nau'in PDF da aka yi don ajiya ta dogon lokaci, domin SharePoint ba ya sauya tsarin fayil don kansa, abin da aka ba shi yake riƙewa. Tambarin ma ba ya bin fayil idan an sauke shi zuwa filashi ko an tura shi waje.

Rajistar abin da kowa ya yi a cikin tsarin tana zama kwana 180 a lasisin da bai kai E5 ba, shekara ɗaya a E5. In ana son sanin wanda ya sauya tambarin wata kwangila shekara biyu da suka wuce, sai in an riƙa fitar da rajistar ana ajiyewa, ko an sayi ƙarin wa'adi.

Ga kamfanin da ya riga ya zauna a kan Microsoft 365, sayen wata manhajar adana takardu daban ba shi da ma'ana sai in aikinsa tarihi ne ko ɗakin karatu. E3 ko Business Premium sun ishi ofishin da ke da shafukan sassa ƙasa da ashirin da mutum ɗaya mai riƙe jadawali. Banki, kamfanin inshora ko duk wanda ake yawan kai wa kotu ya nemi E5, kuma ya sa dillalinsa ya rubuta masa su wa ke buƙatar lasisin, domin sharaɗin ya shafi waɗanda ke amfana da tsarin, ba admin kaɗai ba. Ko wanne aka zaɓa, a fara da sashe ɗaya da shafin gwaji, da ƙa'idar da ke riƙewa kawai, a bar ta ta yi wata uku ana duba girman rumbun ɓoye kafin a kunna gogewa ko guda.